Kwana Biyar da Fita Takaba, Na Hau Dutsen Ƙanƙara

Juma'a: daga Pleasant Garden zuwa Wendover

Ƙarfe shida da minti talatin da biyar na asubahin Juma'a na kulle ƙofar gidana a Pleasant Garden, bayan garin Greensboro, na ja ta sau biyu, na shiga motar marigayi mijina, Malam. Gari bai waye ba. Wata huɗu da kwana goma ina tayar da motar nan kowane mako don kada batirinta ya mutu, amma ban taɓa matsar da kujerar ba. Malam dogo ne. Ranar sai da na jawo ta gaba sosai kafin ƙafata ta kai birki, na yi bisimilla na fita da baya a hankali.

'Yan'uwa na gida, na san labarin ya riga wannan takarda isa Kano. An ce Binta ta zautu, kwana biyar da fita takaba ta tafi wasan yara a kan dutse. An ce har da faɗuwa a gaban maza. Faɗuwa kam an yi ta, ba sau ɗaya ba. Amma tunda kowa ya ba da nasa, ku zauna ku ji na wadda ta je.

Ranar da na fita takaba, bayan an ci waina an yi addu'a, Yaya Alhaji Sani, wan Malam, ya gyara murya a falona. Shekararsa talatin da wani abu a Greensboro, shi ne babbanmu a nan, ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai yana wurin. Ya ce dangi sun yi shawara: za a sayar da gidan, in koma Houston wurin ɗana Abba. Ya ce mace ita kaɗai a wannan daji, gidaje nesa da juna, ba bas ba tasi, ga shi ban taɓa hawa babbar hanya da mota ba, wa zai kai ni wa zai dawo da ni? Ya ce dillalin gidaje zai zo Lahadi mai zuwa bayan la'asar, ni dai in sa hannu. Kaina yana ƙasa na ji shi har ya gama, kamar yadda na saba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiyar da ke cikin maganarsa. Lasisi ina da shi tun tuni, amma tuƙina bai wuce kantin cefane na bakin gari ba, mil uku.

Gidan nan ni na dasa kowane tushen yakuwa da ke bayansa. A ɗakin da ke kallon gabas keken ɗinkina yake, matan gari suna zuwa su same ni. Sunana da na Malam ne a takarda, ba ya sayuwa sai da hannuna. Ba na so in bar shi, kuma ban san yadda ake ce wa Yaya Alhaji a'a ba.

Zamiyar ƙanƙara kuwa, tun zuwana ƙasar nan nake ganinta a talabijin bayan labarin yanayi, mutane suna gangarowa daga dutse a kan dogayen alluna biyu. Kowace shekara sai in ce wa Malam ya kai ni, ya yi dariya ya ce sai baɗi. Bana takaba ta cinye mini sanyin gaba ɗaya. Da na buga waya wani ƙaramin wurin zamiya da ke bayan garin Boone, aka ce Lahadi za su rufe sai wata shekara. Mil ɗari da arba'in ne, rabi babbar hanya rabi hawan dutse. Na ce to, a nan za a san ko zan iya.

Bakwai saura biyar na tsaya a wani rukunin gidajen haya da ke Wendover, cikin Greensboro, na ɗauki Zainabu. 'Yar Maraɗi ce, tana aikin ɗaure kaya a wani sito, ba ta iya tuƙi ba ko kaɗan. Ta fito da fulas biyu da bargo, ta leƙa motar ta ga ba kowa sai ni.

"Anti, ina direban?"

"Ga shi kina kallo."

Ta shigo ta ɗaura bel ta ja shi har sau uku. "Dakor," in ji ta, wato to a Faransancinsu. "Allah ya kai mu da rai."

Babbar hanya: Greensboro zuwa Yadkinville

Wurin shiga babbar hanya mai lamba arba'in ne na san na ɗauko aiki. Titin yana lanƙwasa ya jefa ka cikin motoci masu gudu, ba mai tsaya maka. Tirela ta wuce, wata ta bi bayanta, motar har rawa take. Zainabu ta fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Na ce mata ta rage murya in ji kaina, na taka mai, na shiga. Ban san lokacin da na shiga ba, na dai ga ni a ciki.

An rubuta a yi gudun sittin da biyar, ni ina arba'in da takwas. Aka yi ta danna mini ham. Wani saurayi a jar mota ya wuce yana ɗaga mini hannu cikin fushi, na ɗaga masa nawa na ce a gaida gida. Ko a jikina. Mun wuce Winston-Salem takwas saura kwata, rana ta fito a bayanmu, muka kama hanya mai lamba ɗari huɗu da ashirin da ɗaya. Ku da kuka saba da hanyar Kano zuwa Kaduna, ku sani ba shinge ko ɗaya, ba mai tsayar da kai ya tambayi takardun mota ko na goro. Wannan ma wani abin tsoro ne, don ba wanda za ka tsaya ka tambaya ko kana kan hanya.

Takwas da ashirin muka tsaya gidan mai a Yadkinville. Na ajiye motar ta ɓangaren da ba nan bakin tanki yake ba, sai da na zagaya. Shekara ashirin da uku a ƙasar nan, ranar na fara zuba mai da hannuna. Dala uku da 'yan kai galan. Muka zauna a mota muka sha shayi da fanke da dambun nama. Zainabu ta kalle ni ta ce fuskata ta dawo daidai, ɗazu kamar wadda aka fito da ita daga asibiti.

Wilkesboro zuwa Boone

Daga Wilkesboro hanya ta fara hawa. Kunnuwana suka toshe. A gefen masu gangarowa akwai wasu gajerun hanyoyi cike da yashi da aka yi wa tirelolin da birkinsu ya tsinke, na ga ɗaya na kawar da kai. Hazo ya sauko har ba na ganin motar da ke gabana sai jan fitilarta. Ana cikin haka waya ta yi ƙara, Zainabu ta duba ta ce Abba ne, ta riƙe mini ita kusa da baki.

"Mama, where are you? Na kira gida ba ki ɗauka ba."

"Ina hanya."

"Wace hanya? Wa ke tuƙi?"

"Uwarka."

Ya yi ta magana cikin Turanci da sauri, yadda yake yi in hankalinsa ya tashi. Yaron nan yana sona, na sani. Tsoro ne ya sa ya goyi bayan baffansa. Na ce masa in ya ci gaba da surutu zan faɗa rami, in na sauka zan kira shi. Zainabu ta kashe tana dariya ƙasa-ƙasa.

Mun shiga Boone goma saura goma. Garin ɗalibai ne, ƙarami, kowa da jakar goyo. Daga nan saura mil goma sha takwas, amma sun ci mana minti hamsin, don hanyar ba ta miƙe ko sau ɗaya ba. Gonakin itatuwan Kirsimeti ne hagu da dama, an jera su layi-layi kamar kunyoyin gyaɗa. Ƙanƙara kuwa babu ita ko ta magani. Na fara tunanin ko na sha wahalar banza.

Masauki da darasin farko

Masaukinmu ɗakuna goma ne a jere, wani dattijo da matarsa ke riƙe da shi. Dala tamanin da huɗu kwana ɗaya, ya ce a tsakiyar sanyi ninki biyu ne. Motoci uku kaɗai na gani a harabar. Ya dubi hijabina da ya kai idon sawu, ya dubi Zainabu da bargonta, ya tambaya ko kallo muka zo.

"Zamiya na zo," na ce.

"Kin taɓa yi?"

"A'a."

"To kin zo a kan kari. Ba kowa, ba mai banke ki."

Daga tagar ɗakin na hango dutsen. Launin ƙasa ne duk, itatuwa ba ganye, sai wasu fararen layuka huɗu da suka gangaro daga sama. Wannan ce ragowar ƙanƙarar, yawancinta ma inji ne ya yi ta. Mun zo ana tashi daga kasuwa ke nan. Ban damu ba, ni ma ai ragowar sanyin na samu.

Bayan azahar na je aka ba ni hayar kaya: takalman roba masu tauri da suka kai ƙwauri, alluna biyu, sanduna biyu da hular kwano. Takalman nan ba sa lanƙwasa. In ka sa su tafiyarka ta zama ta mai sabuwar kaciya, kowa ya gan ka ya san baƙo ne. Malamar da aka haɗa ni da ita sunanta Doroti, farar tsohuwa mai shekara sittin da takwas, ta girme ni da goma sha huɗu. Wannan ya kashe mini baki, don na zo da shirin cewa tsufa ne in na kasa.

Ta koya mini abu biyu. In kana so ka tsaya, ka haɗa kan allunan a gaba ka buɗe bayansu. Na biyu ta maimaita shi ya fi sau goma: "Ki miƙe. Kada ki tsuguna. In kika tsuguna allunan za su miƙe su gudu da ke." Muka yi ta yi a wani ɗan gangare da bai fi tudun bakin rijiya ba. Na sha ƙasa sau goma sha ɗaya, Zainabu ce ta ƙirga daga barandar da take zaune da shayinta. Ƙanƙarar ta narke ta zama kamar kunun da ya kwana, kowace faɗuwa sai na jiƙe har ciki. A faɗuwa ta takwas na zauna na yi kuka, ba don zafi ba. Malam na tuna, da yana nan da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Doroti ta tsaya har na gama ta miƙo mini hannu.

Da za mu rabu ta kama gefen hijabina ta ce gobe in ina son hawa sama, ba za a bar ni da wannan ba. Kujerar da ke kai mutane kan dutsen a jikin waya take tafiya kamar lilo, in tufa ta maƙale sai ta ja mutum. Ta ce ba ta ce in cire ba, ta dai faɗa mini doka.

Da yamma cinyoyina suka ƙi ni. A zaune na yi magariba. Muka ɗumama shinkafa da miyar da Zainabu ta kawo, sannan take gaya mini ta ɗora hotona a waya, ina kwance a ƙanƙara ƙafafu a sama. Na ce wa ya gani? Ta ce ba kowa, matan unguwa ne kawai. Na ce to shi ke nan, Greensboro ta gani, Kano ta gani.

Asabar: kan dutse

Tara daidai na isa bakin kujerar lilon. Saurayin da ke tsaron wurin ya ga hijabin ya fara girgiza kai. Na ce ya dakata. Na tattare shi daga ƙasa, na naɗe a ƙugu, na ɗaure tam da gyale na soke bakin, yadda muke ɗamara a gidan kakata a Ɗambatta in za a yi dakan biki. Ƙirjina a rufe, bayana a rufe, ba abin da ke lilo. Ya zagaya ni ya ja ɗaurin da yatsa biyu bai motsa ba. Ya ce wa Doroti bai taɓa ganin irin wannan ba. Na ce masa ba yau aka fara ba.

Minti bakwai ake yi a kujerar nan, ƙafafu na reto a sama da itatuwa. Na riƙe ƙarfen har yatsuna suka sandare. A ƙarƙashinmu ciyawa ta leƙo ta cikin ƙanƙara, ruwa yana gudu a gefe. Shiru ko'ina, sai ƙarar wayar. Da muka kai sama na juya na ga duwatsu shuɗaye sun jeru har inda ido ya tsaya. Wata huɗu ina kallon bango huɗu. Na ce Allahu Akbar da ƙarfi, Doroti ta ce haka kowa ke cewa da yarensa.

Saukar farko ta ci mini minti arba'in da faɗuwa huɗu. Ta biyu, faɗuwa ɗaya. Bayan azahar Doroti ta ce in tafi ni kaɗai, za ta biyo ni daga nesa. Na gangaro ina lanƙwasa hagu da dama a hankali, iska tana dukan fuskata, ina jin daɗin da na manta akwai irinsa. Ban ji kunyar jin daɗin ba, kuma har yanzu ban ji ba.

Saura kaɗan in kai ƙasa, wajen biyu da kwata, na hango farar babbar riga a bakin ƙanƙarar, da hula zanna da baƙin takalmi sau-ciki. A duk dutsen nan mutum ɗaya ne zai yi wannan shiga. Yaya Alhaji ne, ya tsaya hannuwa a baya, Zainabu a gefensa ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da sata. Hoton ya kai gidansa, ya tuƙo mil ɗari da arba'in ya zo ya mayar da ni.

To ga inda na yi wautar. Shekara talatin da ɗaya da aurena, ban taɓa gaida mutumin nan a tsaye ba. A falo, a filin jirgi, a bakin masallaci, da na gan shi gwiwata take sauka kafin bakina ya buɗe. Ranar ma ba ta yi shawara da ni ba. Ina zuwa kusa da shi na rusuna, na sunkuyar da kai, na fara "Yaya, ina wu..." Allunan suka miƙe. Na wuce shi fuu, a durƙushe, gaisuwar tana bakina. Na ji Zainabu ta ƙwalla salati. A gabana ƙanƙarar ta kusa ƙarewa, daga nan sai taɓo da duwatsu da teburan cin abinci. Daga can sama na ji muryar Doroti tana ihu in miƙe.

Na miƙe. Ban san da wane ƙarfi ba, cinyoyin da suka ƙi ni jiya su suka ɗaga ni. Na haɗa kan allunan, na buɗe bayansu, na danna da duk abin da Allah ya ba ni. Na tsaya saura taku ɗaya in shiga taɓon, ban faɗi ba. Wasu Turawa biyu da ke cin abinci a tebur suka tafa.

Na cire allunan na tako zuwa wurinsa. Na so in sake rusunawa, takalman suka hana, ga shi na riga na ga abin da rusunawa ta jawo mini. Sai na tsaya a gabansa na ce, "Yaya, ina wuni. An zo lafiya?" Ranar na fara ganin fuskarsa sosai. Ashe ya tsufa haka. Idanunsa ja, leɓensa na rawa don sanyi, takalmansa sun jiƙe sharkaf. Kuma goshinsa na Malam ne sak.

Muka shiga ɗakin cin abinci na sayo masa shayi, dala uku, ruwa-ruwa. Ya riƙe kofin da hannu biyu.

"Binta, wannan wane irin abu ne? Me kike so in ce wa mutane?"

"Ka ce musu na je na dawo, Yaya."

"Da kin karye fa? Habibu ya bar mini amanarki. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya ce in kula da ke. Me zan ce masa ranar gobe?"

Muryarsa ta karye a kan sunan ƙaninsa. Nan na gane ba gidan ne ya dame shi ba, ya rasa inda zai ajiye alkawarin ne. Na tausaya masa har zuciyata, amma tausayi bai sa na sauka ba.

"Ya ce ka kula da ni. Ban ji ya ce ka kwashe ni ba. Ka ce ban iya hawa babbar hanya ba, ga mota can a waje, ni na kawo ta. Gidan nan a cikinsa na yi masa jinya, a cikinsa na yi masa takaba. Ba zan sa hannu ba."

Ban taɓa jera masa magana uku ba sai ranar. Ya ajiye kofin shayin. Ya ce tuƙin kwana ɗaya ba shi ne zaman shekara ba, kuma dillali zai zo gobe kamar yadda aka yi. Ya ce in tashi in bi shi yanzu, a aiko a ɗauki motar. Na ce dillali ya zo, Allah ya kai mu, amma ni na biya har ƙarfe huɗu da rabi, kuma kujerar tana tafiya. Na ce ya kama hanya tun da rana don gangaren ba shi da kyau. Na ɗauki hular kwanona na fita. Ina cikin lilon na waiga na hango farar rigar a baranda, bai tafi ba sai da ya ga na sauko lafiya.

Lahadi: komawa

Ranar rufewa mutane ba su fi talatin ba a dutsen. Na hau sau biyu da safe, ƙanƙarar ta yi tauri kamar daɓen siminti, na faɗi sau ɗaya na gurje gwiwar hannu. Na ba Doroti ragowar dambun nama, ta ɗanɗana ta ce yaji, ta ƙara ɗiba. Mai masauki ya raka mu har mota ya nuna mini yadda zan sa ƙaramin giya a gangare don kada birki ya yi zafi.

Sha ɗaya da rabi muka tashi. Boone sha biyu da kwata, Wilkesboro ɗaya da biyar, muka tsaya muka yi azahar a gefen wani gidan mai. A babbar hanya na kai sittin, ham biyu kawai na sha. Zainabu ta yi barci daga Winston-Salem har Wendover, wannan shi ne yabon da ya fi mini daɗi a duk tafiyar. Na sauke ta uku saura kwata, uku da goma ina ƙofar gidana.

Biyar da kwata suka iso, Yaya Alhaji da dillalin, wani Bature mai yawan murmushi da jakar takardu. Na rusuna na gaida Yaya kamar kullum, don ban je dutse in zubar da tarbiyya ba. Tashi ne ya yi wuya, sai da na dafa kujera. Na kawo musu ruwa. Dillalin ya baza takardu a tebur ya miƙo mini biro, Abba yana kan waya yana ji. Na ce masa na gode da ya taso, amma gidan ba na sayarwa ba ne. Ya dubi Yaya Alhaji yana jiran ya gyara maganar.

Yaya Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Sannan ya ce wa mutumin da Turanci, "Ka ji abin da ta ce." Dillalin ya tattara takardunsa ya tafi. Abba ya ce zai kira anjima, muryarsa a sanyaye.

Na raka Yaya har mota. Ya buɗe ƙofa ya tsaya, bai kalle ni ba.

"Azumi saura kwana kaɗan. Wa zai riƙa kai ki tafsiri?"

"Ni zan kai kaina."

Ya gyaɗa kai. "To ki riƙa biyowa ki ɗauki mai ɗakina, Hajiya. Idona ba ya son tuƙi in rana ta faɗi."

Na ce to, Yaya. Na tsaya har motarsa ta ɓace a kwana, sannan na shiga gida na zauna a kan kujerar ɗinki na yi kukan da na riƙe tun jiya.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙasusuwana cikakku. Na gode wa Zainabu da ta shiga motar da ba wanda zai shiga, na kuma yafe mata hoton. Na gode wa tsohuwar da ta yi mini ihu in miƙe. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Masu cewa na zautu kuma, ina gaishe ku. Ina nan a gidana, mai ɗinkin salla ta kawo da wuri.